Ƙwayar Da Aka Ce Min Ta Wata Guda Ce

Zuwa ga mai girma shugaban masu kemis na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni matar aure ce daga wani ƙauye kusa da Fakku. Ranka ya daɗe, da ɓacin rai nake rubuto maka, kuma ba zan ɓoye ba.

Na farko. Bara da tiyata aka ciro min ɗiyata Nana. Likita ya ja mana kunne, ni da maigidana, cewa kada in sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu, don ɗinkin ya warke. Na shiga yin allurar tazara. Da damina ta kankama hanyar Kebbe, inda ake yi min allurar, ta lalace, ko mashin ba ya iya bi, lokacin allura ya wuce ni.

Na biyu. Ka san mu ba mu zuwa kasuwa, maza ke sayo mana komai. Maigidana ya shiga wani kemis a Tambuwal, kunya ta hana shi buɗe baki sosai. Mai shagon ma cikin raɗa ya amsa. Ya ɓare kwalin wani magani, wai don rufin asiri, ya ƙunsa ƙwayoyin a leda, ya ce in riƙa shan ɗaya duk farkon wata, ta wadatar. Maza biyu suka gama shawara a kan jikina, kowa na kallon ƙasa. Na sha kamar yadda aka ce.

Na uku. Sai da ciki ya bayyana wata ungozoma ta yi min bayani. Ashe ƙwayar ta gaggawa ce. Ana shan ta ne bayan an sadu ba tare da kariya ba, da wuri-wuri, cikin kwana uku. Ba ta tsare abin da zai biyo baya, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba ta maye gurbin allura. Wannan bayanin bai kai tsawon gaisuwar da suka yi ba, amma ya gagari mai shagon.

Yanzu cikina wata bakwai. An cire Nana daga nono ba shiri, aka kai ta wurin kakarta, ta rame ta koma sai idanu. Mata na yi min dariyar rurrutsa, wato ciki a kan goyo. Wannan duk na shanye. Abin da ke hana ni barci shi ne an ce ɗinkin na iya buɗewa idan naƙuda ta same ni a gida.

Roƙona biyu ne. Ka tara mutanenka a koya musu yadda ake shan ƙwayar nan. Wanda kunya za ta hana shi bayani kuwa, ya koma sayar da Panadol.

Ka hanzarta, ranka ya daɗe, domin maigidana da kyakkyawar niyya ya kai labarin majalisarsu tun kafin mu gane. Jiya na ga irin ledar a ƙasan filon ƙanwata, tana jiran tsayuwar wata, ita ma da goyo a bayanta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa kada ka taɓa tsayawa bakin ɗakin tiyata kana jiran taka ɗiyar.

Wassalam,
Maman Nana.