Makron Hafsat Ya Jera Sunayen Masu Taki

Daren Laraba, Funtuwa

Kai mai buɗe littafin nan ba da izinina ba, ka ji tsoron Allah ka rufe.

Yau murna ta hana ni zama. Gobe ƙungiyarmu ta mata manoma za ta raba takin masara, ga sunayen matan Danja da na Mahuta kowanne a fayil ɗinsa a kwamfuta, kuma wadda ba ta shiga babban fayil ba, ba ta da buhu. Bara da muka yi ta kwafa muna mannawa, layi ya goce, sunan 'yar ƙungiyarmu Hajiya Talatu ya ɓace, ta koma gida hannu banza.

'Yata Hafsat ta ce, "Mama, bar mannawar nan. Na rubuta makro, wani ɗan umarni na kwamfuta, shi zai ɗebo kowane suna ya ajiye a gurbinsa."

Na ce, "Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa ba?"

Ta danna sau ɗaya. Wallahi kafin in gyara ɗankwalina sunaye sun jeru! Na bi su da yatsa har ƙasa, ba wadda ta ɓace. Alhamdulillahi.

Na tara yaran na faɗa musu: daga yau in Hafsat tana kan kwamfuta, ba mai aikenta. Amma da an kira salla, a rufe kwamfutar.