Makin da Na Ba Surukata

Beltsville, 14 ga Oktoba

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Ya su Rachel da yara?

Mama, na yi ɓarna. Kin san Abby, yarinyar da nake nema. Mahaifiyarta Debbie tana da wata al'ada duk kaka: ta tara dangi da maƙwabta su taka ƙafa cikin gonakin bayan garin Upper Marlboro. Ana tsayawa wuri biyar, a ci wani abu kamar mitfai mai cike da naman alade, kowa ya rubuta maki daga ɗaya zuwa goma. Abby ta ce duk wanda aka miƙa wa takardar makin nan, an fara ɗaukarsa ɗan gida. Ranar Asabar aka miƙa mini.

Tafiyar ba ta dame ni ba, mil shida mene ne ga wanda ya yi noma a Zonkwa? Alade kuwa kin san ba a yi mini tayinsa sau biyu. Amma duk inda muka tsaya, sai Debbie ta zo gabana tana kallon bakina. Ni Kambai in tauna abinci surukata na kallo? Hannuna ya ƙi. Na riƙa naɗewa ina cusawa a aljihu, na mayar da takardar fara fat. Ashe na ƙarshen ita ta gasa da hannunta.

Yanzu ta ce wa Abby na raina abincinsu, kuma mai raina abincin mutane zai raina 'yarsu. Abby ta yi kuka a mota. Ni ladabin da kika koya mini na yi, ga inda ya kai ni. Ina tsoron rasa yarinyar nan. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Kambai

Beltsville, 29 ga Oktoba

Mama,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, na sami saƙonki. Dariyar da Rachel ta ce kin yi ba ta yi mini daɗi ba, amma ba komai.

Abby ta yi wa mahaifiyarta bayanin kunyar surukai. Bayan mako guda, ranar Lahadi bayan sujada, Debbie ta aiko in zo gidanta. Na tarar ta gasa sabon mitfai, ta ajiye a tebur da takarda da biro. Ta ce ta ji irin kunyarmu, amma su a gidansu wanda ba ya iya faɗin gaskiya kan abinci ba a ba shi 'ya. Sai ta juya kujerarta ta fuskanci taga, ta ba ni baya.

Na ci. Gishiri ya yi yawa, yaji babu ko ɗigo. Raina ya ce in rubuta goma in huta, amma na rubuta bakwai.

Ta juyo ta karanta, ni kuwa na fara neman ƙofa da ido. Can ta ce bakwai ya yi kaɗan, amma ta karɓa, baɗi in zo da yajin garinmu. Sannan ta tambayi sunanki, ta rubuta shi a bayan takardar, don ta fara koyon faɗinsa kafin biki. Hawaye suka zo mini a gabanta, wannan kam ban ji kunyarsa ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Kambai