Muryar Gonar Gero

Bacirawa, ranar Asabar.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ƙafar Baba ta yi sauƙi, gero kuma ya fara fitar da kai a Makoda.

Inna, raina a ɓace yake. Malamin da kwaleji ta turo ya duba koyarwata ya zo ranar Alhamis. Ko minti goma bai yi ba ya fita yana sosa kunne. Kalma ɗaya ya rubuta game da muryata, wai "strident". Na ɗauka yabo ne sai da na buɗe ƙamus. Ashe sauti ne mai tsini, mai soke kunne. Asalinta daga Latin ne, kuma can ana faɗarta ga irin kukan tsohon ƙyaure. Ni 'yarki guda, ƙyaure!

Saura mai dubawa ɗaya. In ita ma ta kayar da ni, sai na maimaita shekara. Yanzu ƙasa-ƙasa nake magana kamar mai jin kunyar suruka, yaran bencin baya kuwa sun koma cin gyaɗa. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Muhsina.

Bacirawa, ranar Juma'a.

Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Yaya Basiru ya kawo min saƙonki, cewa muryar da ta shekara goma tana korar tsuntsayen jan-baki daga gonar Baba, kada in kuskura in ɓoye ta.

Malama Aina'u, mai dubawa ta biyu, ta zo shekaranjiya, ta zauna can bencin ƙarshe. Ina farawa ruwa ya kece a kan kwano. Yara ɗari da ashirin, ba mai jin komai, ita ma ta kara hannu a kunne. Sai na ce a raina in faɗuwa ce, gara in faɗi da muryata. Na sake ta gaba ɗaya, Inna. Har 'yan ajin maƙwabta suka riƙa amsa tambayoyina ta taga!

Na ci, da maki mai kyau. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Da muka fito ta tambaye ni wa ya koya min. Na ɗaga kai na faɗa mata sunanki, na ce duk bikin da aka yi a ƙauyenmu ke ce mai guɗa.

Ta rubuta sunan a bayan takardarta. Ki shirya, bayan kaka za ta aurar da 'ya.

Ki gaishe min da Baba.

'Yarki,
Malama Muhsina.