Ƙasar Sawunka

Nguru, Satumba 1957

Zuwa ga yayana Abbagana, a Dakar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ba mu taɓa gani ba. A gida Gashuwa na fara ta, Inna na gefena tana cewa in gaya maka kowa lafiya. Na rubuta, tunda ta ce. Amma idonta ya yi rauni, ko bakin kogi ta daina zuwa.

Bincike ne ya kawo ni daga Ingila, kan yadda aka rufe iyakarmu da ƙasar da Faransawa ke mulka lokacin yaƙin Jamus, sa'ad da suka bi bayan Jamusawa. Malamaina na jami'a suna yaba dabarar ƙwarai: an hana abokin gaba hatsi ba tare da an harba bindiga ba. Ban gaya musu ba cewa cikin kayan da dabarar ta tare a wancan gefe har da yayana da raƙumansa, kuma Faransawa suka sa masa kakin soja. Ban ga babin da za ka shiga ba.

Inna ta tambaye ni abin da nake karantawa. Na ce yadda ƙasashe ke faɗa su kuma shirya. Sai ta ce, to, tunda Turawan sun shirya har suna cin abinci tare, wa aka aika ya gaya wa Abbagana? Na yi jarrabawa da yawa, Yaya, ban taɓa faɗuwa irin wannan ba.

Ka tuna ranar da ka fita, ta ɗebi ƙasar sawunka ta ƙulle a tsumma don ka dawo? Yana nan ƙarƙashin matashinta. Tsumman ya tsufa, ƙasar tana zuba kaɗan-kaɗan, ita ba ta gani. Ban gaya mata ba. Don Allah ka zo kafin ta ƙare.

Baba Modu da Kellu suna gaishe ka. Ka gaida matarka da yara.

A tashar Nguru nake ƙarasawa, ina jiran jirgin ƙasa. Da safe Inna ta rako ni bakin zaure. Na taka a hankali inda ƙasa ke da laushi, na ɗan jira. Ba ta sunkuya ba. Ta yi mini addu'a, ta ja ƙofa, na tafi.

Ƙanwarka,
Meram