Awon Tsinke

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan alhamdu lillahi. Kawu ya warke daga ciwon ƙafar har ya koma shago, Autarmu kuma ta yaye 'yarta. Mama tana nan yadda ka bar ta, jiki da sauƙi, mantuwar ce dai kullum gaba take yi. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, sai ka hau yi masa wa'azi, ni kuwa so nake ka ji wannan har ƙarshe.

An sa ranar aikin rage tumbin nan, sati biyu masu zuwa. Ba kwalliya ce ta kai ni ba, kar ka fara. Sugan ya ƙi sauka, gwiwoyina sun gaji da ni, likita kuma ya ce numfashina yana ɗaukewa in ina barci. Na hau sikeli ya nuna ɗari da goma sha takwas. Na tambaye shi nawa zai tafi bayan aikin, ya ce cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi mai yiwuwa kilo talatin, mai yiwuwa arba'in, ba wanda zai iya yanke min, jiki ne ke zaɓa. Na ce ashe a hannunsu fara abin yake, tsayar da shi ba nasu ba ne. Ya yi dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Ka san ni tela ce, kilo ba ya shiga kaina, inci na sani. Da na dawo sai na zauna a ɗakin ɗinki da tef da alli, na ce bari in ga matar da za ta rage in an cire arba'in. Shekara ashirin ina auna matan da suka yi ƙiba da waɗanda suka rame, na san inda jiki yake fara zubewa. Na rubuta ƙirji, na rubuta ƙugu, na rubuta faɗin hannu. Ina gamawa na ga lambobin ba baƙi ba ne a idona. Na ciro tsohon littafin awo daga ƙarƙashin teburin yanka, na buɗe shafin Tsinke. Yaya, ko rabin inci bai bambanta ba.

Kai ka raɗa mana sunayen nan, ni Duma ita Tsinke, ba don ta rame ba, sai don kusa da ni kowa tsinke ne. Mu tagwaye ne, fuska ɗaya, murya ɗaya, jikin nan ne kaɗai ya raba mu. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa fuskarta tana nan a ƙarƙashin kumatuna ba.

A nan na yi wautar. Maimakon in rufe littafin, hannuna ya yi abin da ya saba. Akwai koren yadin da Tsinke ta kawo min ana saura sati ta kwanta ciwo, ban taɓa sa masa almakashi ba. Na ce ai riga ce kawai, in ɗinka a kan awonta in gani da idona ko tsoron zai ragu. Na ɗinka, na goge, na sa wa mutum-mutumin da nake gwada kaya a kai, na tsayar da shi jikin taga. Washegari bayan azahar na fito daga kicin da maganin Mama, ban same ta a ɗakinta ba. Sai na jiyo muryarta a ɗakin ɗinki, tana hira ƙasa-ƙasa, tana yin shiru tsakani kamar mai sauraron amsa. Na leƙa. Ta jawo kujera ta zauna gaban rigar, fanka tana kaɗa hannun rigar yana taɓa kafaɗarta. Rana tsaka, ana jin motoci a titi, amma wallahi tsigar jikina ta tashi. Ji na yi tana gaya wa rigar ta ƙara haƙuri, Duma za ta tafi asibiti ta ba ta wuri. Ban taɓa yi wa Mama zancen asibiti ba, kuma na hana kowa ya yi mata.

Na cire rigar a ranar na kulle a akwati. Tun daga nan in na kawo abinci sai ta ce faranti biyu. In na zauna a keke ina ɗinki, sai in ji ta tsaya a bayana, ta kama damtsena tana matsawa da yatsu yadda ake taɓa kaya a kasuwa.

Ka gane abin da nake tsoro. Mama ba ta san Kawu ba yanzu, Auta kuwa ce mata take baƙuwa, kai ma da ka zo bara sai da ta tambaye ni ko mai gyaran famfo ne. Ni kaɗai ta riƙe, kuma ba da fuska take gane ni ba. Kullum da safe takan rungume ni, in hannuwanta suka kasa haɗuwa a bayana sai ta ce Dumata ce, sannan ta buɗe baki ta karɓi magani. Daga hannun kowa ba ta karɓa. Na gaya wa nas ɗin da ke shirya mu, ta ce ramar a hankali take zuwa, tsohuwa za ta saba. Ita ba ta san akwai wadda Mama take jira ba. In na rame ta ɗauke ni Tsinke, ranar da za ta tambaye ni ina Duma take, me zan ce mata? In ce ga ni, ba za ta yarda ba. In yi shiru kuwa, na binne kaina da hannuna, ta zauna tana makokina ina tsaye a gabanta.

Na yi niyyar fasawa, amma in sugan ya kayar da ni, ba Duma ba Tsinke, wa zai ba Mama maganin? Saboda haka zan je. Sun riga sun sa ni a abinci mai ruwa-ruwa don shirin aikin, kwana tara ke nan, kilo biyar sun tafi. Yau da safe ta rungume ni kamar kullum, sai na ji yatsunta sun taɓa juna a bayana. Ta daɗe a haka. Ta ɗago ta dube ni da wani murmushi da rabon da in gani tun kafin rasuwar, ta ce, "Kin kusa."

Ta sha maganin dai. Amma ba ta ce Dumata ba.

Abin da nake roƙo a wurinka guda ne. Ka nemi hutu ka zo, ba lokacin aikin ba, Auta za ta zauna da ni. Ka zo bayan wata shida, lokacin da jikin ya zube. In ka shigo ka gan ni, na san abin da idonka zai gaya maka. Don Allah kar ka tsaya a bakin ƙofa ka yi shiru. Ka kira ni Duma da ƙarfi, yadda kake yi in za ka tsokane ni, Mama ta ji, ni ma in ji.

Ka gaishe min da Antinmu matarka, da yaranka, Babban Yaya da Ƙaramin Likita da 'yar lelenka mai surutu. Kawu da Auta suna gaishe ku. Ku sa ni a addu'a, ku sa Tsinke ma, Allah ya kai haske kabarinta, ya bar ta a can cikin rahama.

Ƙanwarka,
Duma, har yanzu.