Lauwali, Kafin Ka Shiga Rijiyar Kebbe

Ƙulin ƙulifita, Lauwali, kai da masu leƙen wasiƙar da ba tasu ba. Ba ta da hanci amma tana numfashi. Ita ke riga maigida shiga ɗaki mai zurfi, in ta mutu a ciki ta yi masa rai. Mece ce? Riƙe ta nan ka yi ta tauna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a nan Kebbe. Mu nan Tambuwal lafiya lau, in ka cire zuciyata da ka bari tana tafasa kamar ruwan tuwo.

Ni ce kakarka Kulu, uwargidanka tun kana cikin zane. Tunda nake ban taɓa ganin miji ya yi yaji ba sai kai. Sati uku nika kiran wayarka, tana kuka kana kallonta. Shi ya sa na kakkaɓe bokon yaƙi da jahilci na rubuta da hannuna, na ce ƙanwarka Saratu ta sa inda duniya za ta gani. Wanda ya ƙi jin magana a ɗaka ya ji ta a kasuwa.

An gaya mini ka karɓi aikin yasar wata tsohuwar rijiya, ranar Asabar za ka shiga.

Ba sana'arka na raina ba. Da tuwon haƙa aka yi ƙashin ubanka. Ruwan da aka yi maka wankan farko daga rijiyar da kakanka Malam Bube ya haƙa aka ja shi, Allah ya jiƙansa. Tushen gini, masai, kai har makwancin ƙarshe, wa ya wuce mai haƙa? Wautarka na raina.

Kakanka ba ya shiga tsohuwar rijiya ranar da aka buɗe ta. Sai ta wuni ta kwana baki buɗe. Ya ɗaura rassan darbejiya a igiya, a yi ta zura su ana jawowa har hannu ya gaji. Sannan ya kunna fitila ya zura a hankali, ya tsuguna ya zuba mata ido. Ƙasar da aka fitar, nesa da baki ake zuba ta. Igiya a ƙugunsa take, ƙarshenta a hannun maza fuɗu, kuma ba ya yarda da mai surutu a cikinsu.

Wata shekara a Dogon Daji sau uku yana zura fitila tana mutuwa. Ya naɗe igiyarsa ya rataya. Mutanen wurin suna yi masa ba'a, wai ƙato da tsoron rami. Abin da ya ce kawai: "Matsoraci shi ka komawa gida ya ci tuwo."

To ku me kuka yi a Jabo? Kuka buɗe rijiya da safe, kuka girka injin jan ruwa a bakinta yana ta aman hayaƙi. Sannan wai za ku bi al'adar magabata, kuka ɗaura tocila 'yar caji a igiya kuka zura. Ta kai ƙasa tana haske tar, kuka ce lafiya lau. Tocila, Lauwali! Abin da ko a cikin randa ka tsoma shi sai ya haska maka gindinta!

Isiya abokinka ya sauka, ba igiya a ƙugu, a hannu ya riƙe ta. Ya yi magana sau ɗaya, bai sake ba. Da ba a danne ka ba ka bi shi, da gida biyu aka yi zaman makoki. Yanzu matarsa na takaba da goyo a baya.

A wurin gaisuwa na ji ka kana ce wa mutane kun zura fitila kamar yadda Baba Bube yake yi, ba ta mutu ba, kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, ba mai ja da hukuncin Allah. Amma ka bar jan sunan mijina cikin shirmenku. Shi ne na faɗa maka abin da na faɗa a gaban maza, ka ɗauki jakarka ka hau babur. Wurin ne ban zaɓa daidai ba. Maganar kuwa ban janye ko ƙwara ɗaya ba.

Na ga tafin hannunka ranar, igiya ta ɗaye shi. Na san ba Kebbe ka tafi ba, gudun Jabo ka yi. Kuma in za a raba laifi, a ajiye mini nawa kason. Kakanka ya rasu kana rarrafe, a bakina ka san aikinsa. Na ba ka shi kamar tatsuniya, ina kwaikwayon tsugunonsa kana dariya har da faɗuwa. Na gaya maka ana zura fitila, ban taɓa gaya maka dalili ba. Na ɗauka kowa ya sani.

Na ba ɗan kabu-kabu saƙo a ƙunshe cikin tsumma, gobe zai iso maka. Ka kai injin nan nesa. Ka ɗaura igiya a ƙugu ko da za su kira ka matsoraci, gado ka yi. In ba za ka ɗauki wayata ba, bar ta. Fushinka na iya ɗauka, angona. Makararka ce ba zan iya gani ba.

Allah ya jiƙan Isiya, ya raya abin da ya bari. Allah ya tsare ka a ƙasa da sama, ya sa ka fito daga kowane rami da ƙafafunka, ya sa kai za ka haƙa nawa ba ni zan ga naka ba. Amin.

Taka har kullum, mai bikonka,
Kulu.

Amsar kacici-kacicin kuwa, fitilar kananzir ce mai lagwani, ita ce a ƙunshe cikin tsumman nan. Wuta iskar da kake shaƙa ita take sha. Inda ta mutu, mutum ma mutuwa yake yi.