Liƙin da Baba Ya Yi a Paris

Zuwa ga Gwaggona Kaltouma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma, da fatan kina lafiya, ke da mutan gida duka. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau. Baba yana Saint-Denis, gefen Paris, yana fama da kanti, hawan jinin Inna kuma ya sauka.

Gwaggo, ƙara na kawo, kuma ƙanenki nake ƙara. Kin tuna da na gama lise, wato sakandare, na ce kiɗa nake son karantawa, Baba ya ce gidanmu ba gidan maroƙa ba ne, babu 'yarsa da za ta tsaya gaban jama'a da goge. Na haɗiye, na taho Lyon karatun injiniya, kullum ni da lissafin bututun ruwa. To ƙanwata Mutmainna ta fi ni wayo. Ta ce masa tsofaffin harsuna za ta karanta a Paris, Latin da Girkanci, kiɗan kuwa haɗe yake da su a digiri guda, ba a rabawa. Da ya ga littattafan, manya-manya kamar na malaman zaure, nan take ya sa albarka. Alhali ni na koya mata riƙon gogen Turawa a ɓoye, a ɗakinmu, mun toshe ƙasan ƙofa da zane.

Makon jiya 'yan ajinsu suka yi wasa a jami'a, wasu tsofaffin baitocin Girkawa ne suka sa wa kiɗa. Na hau jirgin ƙasa na je. Wurin tsit, ko tari ba a yi. Mutmainna na tsakiyar kiɗa sai Baba ya miƙe da babbar rigarsa, ya hau dandamali, ya shiga liƙa mata kuɗi a goshi kamar ana biki a Damagaram. Suna zamewa, yana sunkuyawa yana ɗauka. Malaminsu ya daskare da hannu a sama, can sai ɗakin ya ɗauki tafi. Kowa na dariya, ni kuwa hawaye nake, Inna ta zaci na murna ne. Wallahi kishi ne, Gwaggo, har ɗacinsa nake ji a bakina.

A hanyar gida na tambaye shi mene ne bambancina da ita. Ya ce nata karatu ne, ba sunan kowa take wasawa ba. Na ce to ni sunan wa na taɓa cewa zan wasa? Sai ya juya yana tambayar Inna ko ta kashe gas.

Akwai makarantar kiɗa a nan Villeurbanne, gefen Lyon, mai ɗaukar manya da yamma, ƙarshen watan nan ake rufe rajista. Na san na isa in shiga ba tare da shawarar kowa ba, amma na gaji da ɓoyo. Ke kaɗai yake jin nauyinki, don Allah ki kira shi. Ba na so a hana Mutmainna komai, so nake ni ma ya sa mini albarka da bakinsa. In ya ƙi, zan shiga duk da haka, sai dai ranar da zan yi nawa wasan ba zan iya gayyatar ubana ba, kuma abin da nake tsoro ke nan.

Ki gaishe mini da Kawu Maazou, da Ameena da yaranta, da Sa'idu.

Taki 'yar da ke jiran kiranki,
Rékia